Mode Direba da Jiragensa

A Goronyo idan ka ce kana neman Mode, sai an tambaye ka wanne, don masu sunan suna da yawa. Amma da ka ce Mode Direba, ko mai tallan ƙosai za ta nuna maka gidan: wanda ke bayan kasuwar albasa, mai farantin sola a kan rufi, da tsohuwar tayar tirela a ƙofar zaure wadda baƙi ke zama a kai.

Haifaffen Rara ne. Mahaifinsa manomin gero ne, kuma ya so ɗansa ya gaje shi, sai dai Mode tun yana saurayi ya ce shi ba zai iya sana'ar da za ka zuba abu a ƙasa ka koma gefe kana jiransa wata uku ba. Yana da shekara goma sha tara ya bi wata motar albasa zuwa Kudu, daga nan kuma bai sauka ba sai da ya haura sittin. Ya kai albasar Goronyo da ta Wurno Legas, ya kai ta Aba, ya kai ta Fatakwal. Ya san ramukan hanya yadda wasu suka san danginsu, har da waɗanda aka cike suka sake buɗewa.

Abin da kowa ya san shi da shi kuwa shi ne rashin jira. Shayi bai taɓa hucewa a hannunsa ba. Idan kana ba shi labari, kafin ka kai tsakiya ya ƙarasa maka, sau da yawa ba daidai ba. Matarsa Mairo ta ce a shekara arba'in na aurensu bai taɓa barinta ta kai ƙarshen magana ba, shi ya sa ta koyi sa muhimmin abu a farko. Ba ta tsayawa cewa ta shiga ɗakin ajiya ɗazu ta ga kamar gero ya kusa ƙarewa. Cewa take, "Gero," sai ta yi shiru. A bakin sitiyari ne kawai ake ganin natsuwarsa, kuma a yi masa adalci, bai taɓa kayar da mota ba. Shi da kansa yakan ce mota ce kaɗai ba ya yi wa gaggawa, don ita ko ka yi mata faɗa ba ta ji.

Shekara biyu da suka wuce, yana dawowa daga Legas, ƙafarsa ta hagu ta yi sanyi a wajen Kwantagora. Ya taka kulochi ya ji kamar ƙafar wani ce. Allah ya taimake shi ya gangara gefen titi ya kashe mota. A asibiti a Sakkwato aka ce hawan jini ne, ya ɗan taɓa shi ya sake shi. Ƙafar ta dawo, amma likita ya ce tuƙin doguwar hanya ya ƙare. Mode ya shiga yi masa bayanin cewa shi ya fi kowa sanin ƙafarsa. Likitan ya saurare shi har ƙarshe, ya rubuta magani, ya kira na gaba.

Zaman gida bai karɓe shi ba. Sati na farko ya sake wa awakin Mairo wurin ɗauri sau uku. Sati na biyu ya koma tasha yana tsayawa kan masu lodin albasa, yana nuna musu inda buhu ya karkace, har direbobi suka fara sauya hanya in sun hango hularsa. Sati na uku ya ɗauko kujera ya zauna kusa da murhu yana gaya wa Mairo tuwo ya yi, a sauke. A ranar ce ta kira ɗiyarsu Zakiyya, wadda ke aure a Wurno, take kuma koyar da kwamfuta a wata makarantar sakandare a can.

"Ubanki," in ji Mairo a waya, sannan ta tuna da ɗiyarta take magana, tana da damar ƙarasawa. "Ki samo mai abin yi, ko ki zo ki ɗauke shi."

Ranar Asabar Zakiyya ta zo da tsohuwar kwamfutarta ta tafi-da-gidanka, wadda ta daina aiki da ita. Ta cika ta da karatun Alƙur'ani da tafsiri, ta nuna masa inda zai danna. Kwana biyu Mode yana sauraron tafsiri. Rana ta uku malamin ya daɗe a kan aya guda, hannun Mode kuma ya fara yawo. Ya danna nan, ya danna can, har ya faɗa kan wani ɗan hoton jirgin sama a kusurwar allon. Wasa ne da Zakiyya ta tarar a cikin kwamfutar tun lokacin da ta saye ta gwanjo tana kwaleji, ta buga shi shekara guda ta manta da shi.

Taswira ta buɗe, kore da ruwan ƙasa, da kogi a tsakiya, an yanka ta gida-gida masu kusurwa shida kamar saƙar zuma. Ga jirage huɗu masu farfela a gefen hagu, ga wasu huɗu jajaye can gefen dama. Mode ya gyara zama ya jira su tashi. Ba su motsa ba. Ya danna duk abin da yatsansa ya samu. Ya ɗaga kwamfutar ya ɗan girgiza ta, yadda ake yi wa rediyo. Daga nan ya kira Zakiyya, tana tsakiyar aji.

"Akwai jirage cikin na'urarki," ya ce, "amma duk sun lalace."

Sai da wata Asabar ta zagayo ta zo ta zauna kusa da shi a zaure.

"Ba su lalace ba, Baba. Wanga wasa bi da bi aka yin shi. Kai za ka hwara. Ka ɗauki jirgi guda, ka ce mai ga inda za shi, ga bisan da za shi hau, ga wanda za shi harba. Ka bi su duka huɗu hakanan. In ka ƙare ka danna nan, sannan kwamfuta ta yi nata."

"Ni kuma ina mi sa'adda taka yin nata?"

"Kana kallo."

"In zauna ina kallo tana harbi na?"

"Ai ita ma ta zauna tana kallo sa'adda kaka yin naka."

Mode ya daɗe yana duban allon. "Wanga ba yaƙi ba na," ya ce. "Layin shan mai na."

Amma bai rufe ba.

Zakiyya ta yanka ƙananan takardu ta manna masa a kan madannan da zai buƙata, shi kuma ya rubuta a kansu da ajami, don Turancinsa na tasha ne, a baki ya tsaya: hawa, sauka, dama, hagu, harbi, na ƙare. Takardar "na ƙare" ita ta fara yin baƙi. Mode yakan tura jiragensa huɗu gaba ɗaya ta tsakiyar taswira da iyakar gudunsu, ya danna tun kafin ya duba inda jajayen suka nufa. A zagaye na uku sun ɓullo ta bayansa. A na biyar babu sauran jirgi. Sati biyu yana haka, kuma kullum hukuncinsa guda ne: kwamfuta tana leƙen abin da ya shirya, tun da a cikin cikinta yake shirya shi. Zakiyya ma ta ga maganar da ɗan ƙamshin gaskiya.

Abin ya buɗe masa ne ta inda ba wanda ya zata. Wani jan jirgi ya bi bayan nasa, Mode ya so ya juya ya fuskance shi, wasan ya ƙi. Ya danna, ya sake dannawa da ƙarfi.

"Bai juyawa wuri guda, Baba," in ji Zakiyya. "Sai ya yi gaba gida biyu kahin shi karkata sau guda. In gudu ya yi yawa, sai gida ukku."

Mode ya ɗage yatsansa. "In shina da nauyi fa?"

"In shina ɗauke da bama-bamai, kwanar ta hi haka hwaɗi."

"In za shi hau bisa, gudu na raguwa?"

"Shina raguwa. In ya gangaro kuma shi ƙaru."

"Mai fa?"

Ta nuna masa wani ɗan layi a ƙasan hoton jirgin, wanda ke raguwa kowane zagaye.

"Ashe tirela ta," in ji Mode a hankali. "Don mi ba ki hwaɗa min ba tun hwarko?"

Daga ranar hannunsa ya sauya. Ya fara buɗe wa kwana tun daga nesa, yadda mai jan doguwar bodi ke yi. Ya daina hawa bisa da lodi in ba dole. Ya koyi tara tsawo tun abokan gaba suna nesa, ya sauko musu da gudun gangara. Jiragen ma ya raɗa musu sunayen motocin da ya tuƙa: 'Yar Rara, Amarya, Baƙar Daf, da Ba Hutu, wadda ita ce motarsa ta ƙarshe. Wata Talata kafin azahar ya ci karonsa na farko. Ya shiga cikin gida da kwamfutar a hannu, ya tarar da Mairo tana tsintar wake.

"Na kakkaɓo su, duka huɗu."

"Madalla," ta ce. "Ka sha maganinka?"

Akwai wani Almustapha, abokin Mode tun makarantar allo a Rara, wanda ya dawo Goronyo lokacin da aka gina madatsar ruwa, ya zama masunci. Mutum ne mai sanyin jiki da sanyin magana. Idan ka gaishe shi sai ka ɗauka bai ji ba, ka kusa wucewa sannan amsa ta iso. Mutane sun daɗe suna mamakin abin da ya haɗa su. Mairo ta ce ba abin mamaki ba ne, Almustapha kaɗai ne Mode ba ya iya katse wa magana, don ba ya farawa.

Kullum da yamma yakan zo da komarsa ta kamun kifi ya zauna a zaure yana ɗinke inda ta yage. Sati guda yana kallon allon ta gefen ido. Rana ta takwas ya ce, "Wancan na gehe, da ka bar shi cikin gajimare."

"In ka iya, zo ka yi," in ji Mode.

Zakiyya ta nuna musu yadda mutum biyu ke bugawa a kwamfuta guda. Ƙa'idar ita ce, idan ɗaya yana ba jiragensa umarni, ɗayan ya juya baya don kada ya ga shirin abokin karawarsa. Haka Mode Direba, mai gida, uban 'ya'ya bakwai, ya samu kansa yana fuskantar bangon zaurensa kamar wanda aka sa wa horo, Almustapha kuma yana bayansa yana nazarin taswira da yatsa guda a sama.

"Ka ƙare?"

"Ban hwara ba."

Mode ya haddace kowace tsaga ta bangon nan. Ya gano gidan zanzaro da bai san da shi ba a kusurwa.

"Almu, jirgi huɗu na, ba garken shanu ba."

"Ina dibawa."

Masu wucewa sukan leƙo su ga Mode da bango, su tambaya ko lafiya. Labari ya kai tasha. Direbobin da ya addaba suka fara biyowa ta unguwar da gangan, su yi sallama, su gaishe shi ta ƙeya, su tambaye shi ya gajiyar hanya.

Kuma Almustapha ya ci shi. Ya ci shi ranar farko, ya ci shi rana ta biyu. Dabararsa ba ta da yawa. Yakan bar jirgi guda a fili yana tafiya a hankali kamar mai ciwo, sauran ukun ya ɓoye su cikin gajimare a bisa. Mode ya san tarko ne. Da bakinsa yakan ce, "Wanga tarko na." Sai ya dubi jirgin nan shi kaɗai, gida shida kacal tsakaninsu, hannunsa ya yanke hukunci kafin kansa.

Rana ta huɗu Mairo ta kawo musu kunu Mode yana fuskantar bango. Da aka sake cinye shi sai ya ce ita ce ta yi wa Almustapha ishara.

"Ni mi na sani cikin jiragenku?" in ji Mairo. "Kuma mi za ni hwaɗa mai? Duk Goronyo an san ta tsakiya za ka shiga."

Almustapha ya gimtse dariya, kafaɗunsa suka yi ta rawa a kan komar.

A tsakanin nan ne Surayya, ƙanwar Mairo, ta zo gidan da 'ya'yanta daga wani ƙauye a wajen Shinaka, bayan 'yan bindiga sun shiga musu. Sun zo da kayan jikinsu da tukunya biyu. Mode ya kwashe tarkacen mota daga ɗakin da ke kusa da zaure ya ba su. Washegari da hantsi ya buɗe wasansa kamar kullum, jirginsa ya buɗe wuta, ƙarar ta cika zauren. Sai aka ji kwano ya faɗi a tsakar gida. Da ya leƙa ya ga Surayya a durƙushe jikin bango, ta tattaro 'ya'yanta ta lulluɓe su da mayafi. Ya koma zaure ya kira Zakiyya. Wannan karon ya fara da tambaya ko tana aji, sannan ya ce ta gaya masa inda ake kashe sauti. Ya manna wa madannin takarda, bai rubuta komai a kai ba. Wata biyar Surayya ta yi a gidan kafin mijinta ya samu wuri a Wurno ya kwashe su, amma har yau jiragen Mode a shiru suke yaƙinsu.

Wasan yana da matakai, idan ka ci ɗaya a buɗe maka na gaba. Mode ya haye shida. A na bakwai ya maƙale. An ba shi jiragensa huɗu, an ƙara masa wani babba mai ƙaton ciki, ba bindiga, ba gudu, gida biyu kacal yake ci a zagaye. Mode ya dube shi sau ɗaya ya sa masa suna Jaki. Yakan bar shi a baya ya tafi farautar jajaye, ya kakkaɓo uku, wani lokaci huɗu, yana cikin murna sai allo ya yi duhu, rubutu ya fito, an ce ya faɗi. Sau goma sha ɗaya haka na faruwa. Ya ce wannan karon kam wasan ya lalace da gaske.

Da Zakiyya ta zo sai ta ce ya bari ta karanta rubutun da ke fitowa a farkon matakin, wanda kullum yake tsallakewa.

"Baba, ba a ce ka harbo kowa ba. Wanga babban, masu rauni shika ɗauke da su, da masu jinyarsu. An ce ka raka shi shi ƙetare kogi, shi sauka wancan hilin. Shi kaɗai na aikin. Duk sa'adda ka tahi hwarauta, wasu biyu na zagayowa ta bayan tudu su harbe shi."

Wannan karon Mode bai katse ta ba, abin da ya sa Almustapha ya ɗago kai daga komarsa.

Can Mode ya ba su wani labari. Wata shekara, lokacin da fashi ya yi yawa a wani daji da ke kan hanyar Kudu, direbobi sukan taru su bi motar rakiya su ƙetare tare. Ranar Mode ne na ƙarshe a layi, da lodi har wuya, ga tudu a gaba. Motar rakiya ta ja gaba da ƙananan motoci, shi yana hawa da giya ta ɗaya, yana kallonsu suna ƙanƙancewa har kwana ta haɗiye su. Ba abin da ya same shi, ya ƙetare lafiya. Amma rabin sa'ar nan da ya yi daga shi sai itatuwa, yana jin nishin inji da nasa, bai taɓa gaya wa kowa ba, ko Mairo.

"Na zage su ranar," ya ce. "Na ce wane irin ɗan rakiya na ka barin mai lodi baya." Ya dubi Jaki a kan allo. "Sau goma sha ɗaya."

Bayan azahar ya fara. Ya sa 'Yar Rara a dama, Amarya a hagu, Baƙar Daf a bisa, Ba Hutu a baya. Tun da ba za su iya tafiyar Jaki ba, sai ya riƙa kai su gaba yana dawo da su, suna kewaya shi. A zagaye na shida wani jan jirgi ya fito fili shi kaɗai, gida biyar tsakani. Zakiyya ta ga yatsan ubanta ya tashi. Mode ma ya gan shi. Ya cusa hannun ƙarƙashin cinyarsa ya zauna a kai, ya ƙarasa zagayen da hannun hagu.

Aka kira la'asar suna tsakiyar kogi. Suka bar jirage a sama suka tafi masallaci, wannan kuwa shi ne abu guda da Mode ya yarda wasan ya fi tuƙi da shi. Da suka dawo, biyun nan suka ɓullo ta bayan tudu kamar yadda Zakiyya ta faɗa, kuma sun fi kusa da yadda ya zata. Babu damar juyawa a harbe su duka. Mode ya ɗauki tsinke ya bi gidajen taswira ɗaya bayan ɗaya, ya sake bi, sannan ya kai Ba Hutu ya ajiye ta daidai tsakaninsu da Jaki. Ya danna "na ƙare." Su ukun suka zuba ido. Ba Hutu ta sha wutar duka, ta yi hayaƙi, ta ɓace daga taswira. Kafin jajayen su gama faɗin kwanarsu su dawo, Baƙar Daf ta sauko ta ɗauke ɗaya, ɗayan ya ja da baya. Zagaye uku bayan haka Jaki ya sauka.

Rubutu ya fito, da tauraro ɗaya cikin uku.

"Mi sunka ce?"

Zakiyya ta karanta. "Sun ce ka haye. Amma wai jirgi guda kaɗai ka harbo, kuma ka yi asarar guda, don haka tauraro guda."

"Mutanen fa? Sun sauka lahiya?"

"Dukansu."

"To wanda ya rubuta wanga wasa bai taɓa ɗaukar lodi ba," in ji Mode, ya rufe kwamfutar.

Almustapha ya naɗe komarsa, ya sa takalmi, ya kai bakin ƙofa, sannan ya ce, "Ka yi tuƙi." Mode ya ce a shekara hamsin na abotarsu wannan ne yabo mafi tsawo da ya samu daga bakinsa.

Kada wani ya ɗauka Mode ya zama mai haƙuri. Washegari ma sai da Almustapha ya sake jefa masa tarkon jirgi mai ciwo, kuma ya sake faɗawa. Abin da ya samu shi ne aikin yi. Awakin Mairo sun zauna wuri guda, masu lodi sun huta, kuma awon jininsa ya sauko, ko da yake likita ya ce magani ne, Mode ya ce jirage ne.

A bana, bayan an kwashe albasa, aka yi wa babban ɗansa Ja'afar haihuwa a Legas, inda yake sana'a, ya ce lallai iyayensa su zo suna. Tun da an hana Mode doguwar tafiya a mota, sai ya aiko musu da tikitin jirgi daga Sakkwato. Daga Mode har Mairo babu wanda ya taɓa shiga jirgi. Mairo ta tsorata. Mode ya kwana uku yana kwantar mata da hankali, da bayanin fiffike da hawa da kwana, har da zane a ƙasa da tsinke. A tasha ma ya yi bayanin ga duk wanda ya tsaya. Ya ce kusa da fiffike zai zauna, don ya duba aikin direban.

Ya kuwa samu kujerar taga, daidai fiffiken. Yana cikin nuna wa Mairo wasu faifai da ke motsi a bayansa jirgin ya ɗauki gudu, ya ɗaga hanci, ƙasa ta sulale. Bayanin ya tsaya a tsakiyar kalma. Mode ya ji shi ya yi sama, cikinsa ya tsaya a Sakkwato. Ya damƙe hannun Mairo a gaban mutane, abin da bai taɓa yi ba, ya shiga karanto duk addu'ar da ya sani, har da ta shiga kasuwa. Mairo kuwa ta miƙa wuya ta kan kafaɗarsa tana leƙen taga.

"Malam, dibi gulbi can. Ashe hakanan shike ɗan ƙarami."

"Ki bar ni."

Da jirgin ya karkata, fiffiken ɓangarensa ya sunkuya yana nuna ƙasa, sai Mode ya ja marfin tagar ya rufe. Aka kawo ɗan abin taɓawa, Mairo ta ci nata ta ci nasa. Bayan suna Mode ya ja Ja'afar gefe ya tambaye shi ko akwai motar albasa da za ta koma gida ba lodi. Mairo ta ji, ta ce ita a jirgi za ta koma, kuma wannan karon tagar tata ce.

Labarin tafiyar kashi biyu ya iso Goronyo. A zaure Mode ya ce tafiya ta yi kyau, direban ya san aikinsa. A tsakar gida Mairo ta ba da nata, tana nuna wa mata inda yatsunsa suka kwanta a hannunta. Duka biyun sun kai tasha, kuma an san wanda mutane suka zaɓa.

Yanzu yana mataki na goma sha tara. Abu guda Almustapha ya lura ya sauya tun dawowarsu. A wasan, idan an harbo jirgi, wani lokaci ɗan farin ɗigo yakan fito daga cikinsa, lema ta buɗe, matuƙin ya sauko a hankali. Wani lokaci kuma ba ya fitowa. Da can Mode bai ma san da ɗigon ba. Yanzu ko jirginsa ne ko na jajaye, yakan matso da fuskarsa kusa da allo ya duba. In lemar ta buɗe ya koma ya jingina. In ba ta buɗe ba yakan yi shiru, leɓensa na motsi.

Rannan Almustapha ya gaji da gani, ya ce, "Mode, hoto na fa."

"Na sani," in ji Mode, idonsa a kan allo. "Amma ƙasa da nisa, Almu. Kai ba ka gani ba."